Sunan da Ba Liman Ke Raɗawa Ba



Kowa ya san ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna. Amma akwai wani sunan da mu ne muke raɗa shi da bakinmu, kaɗan-kaɗan, a wajen biki da suna da sallah, har yaro ya ɗauka da shi aka haife shi.

Ku lura da safiyar ƙaramar sallah. Yarinya 'yar shekara 4 ta sha kitso da lalle, an rambaɗa mata kwalli, an kafa mata ɗauri. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Kai, ga amarya! Wa za mu ba?" Wanta ɗan shekara 6 kuwa, da shaddarsa da hula zanna, sai ka ji "Alhaji ƙarami" ko "Gwamnan gobe". Ita an yabi kwalliyarta, shi an yi masa fatan abin da zai zama. Babu mai mugun nufi, wasa ne da ƙauna. Sai dai yaro bai san wasa a irin wannan ba, duk abin da manya suka faɗa yana cikin sabon kaya, gaskiya yake ɗaukarsa.

Bayan magana, sai wurin da aka ajiye kowa. Ranar suna maza suna ƙofar gida da sassafe ana raba goro da dabino, mata sai da rana a cikin gida. Yaron da ya fara tasawa, in ya maƙale wa uwarsa, kora ake yi: "Fita waje, kai mace ne?" Da babbar sallah shi ake cewa ya riƙe ƙafar rago, ita kuma wankin kayan ciki. In kana son ganin ko karatun ya zauna, jira tashe daga goma ga azumi. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata ke kwaikwayon miji da mata, babu abin da suke mantawa.

Kada a zaci namijin ne ya tsira. Ina ɗan shekara 8 kakata ta rasu. Aka zaunar da ni cikin maza a kan tabarmar ta'aziyya, wani dattijo ya dafa kaina ya ce namiji ba ya kuka. Na haɗiye. 'Yan uwana mata suka yi kukansu a cikin gida suka huta, ni kuwa har na girma ban iya cewa "na ji ciwo" ba.

Bara na kai 'yar yayata kallon Hawan Daushe a Kano. Ta daɗe tana kallon yara maza a kan dawakai da rawunansu, can sai ta ce, "Kawu, mata ba sa hawa ne?" Na ba ta labarin Sarauniya Amina ta Zazzau. Na ƙara mata da na Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda a ƙarni na 19 take naɗa wa jajojin 'Yan Taru malfa da jan rawani, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Wato magabatanmu ma sun san tufa da taro suna gaya wa mutum matsayinsa, shi ya sa suka yi amfani da su wajen ɗaga darajar malama.

Ba cewa nake a watsar da al'ada ba. Kunya da kara da sanin girman manya duk a irin waɗannan tarurruka muka koye su. Cewa nake mu faɗaɗa yabon. Dubi walimar saukar Alƙur'ani: yarinya ta riƙe allonta mai zayyana, ta karanta da muryarta, iyaye maza da mata suna sauraro. Ranar ba a tambayar wa za a ba, "malama" ake ce mata, kuma za ka ga tafiyarta ma ta sauya.

Mu da muke koyon rubutu, nauyin ya ninku a kanmu. Yarinyar da ke cikin labarinka, ban da kyau, me ka ba ta? Yaron kuma, ka bar shi ya ji tsoro, ya yi kuka, ko tun yana ɗan mitsitsi ka ɗora masa gida a ka? Masu karanta mu iyaye ne, wasu kuma iyayen gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya yi musu albarka.