Ruwan Da Ya Kwana A Cikin Inji

Yau kam ku yi mini afuwa, babu labarin soyayya, babu Alhaji mai mota, babu kishiya. Maganar injin ban-ruwa ce ta kawo ni, don na san da yawanku 'ya'yan manoma ne kamar ni, ko da birni ya ɓoye ku.

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba irin su Kanada, akwai masu ɗakin kwana mai taya da suke ɗaurawa a bayan mota su tafi shaƙatawa. In sanyi ya gabato sai su tsiyaye ruwan famfon ɗakin tas kafin su ajiye shi, domin ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu ya tsaga famfo. Mu a Karare hunturunmu bai kai ya daskarar da ruwa ba, kuma lissafinmu a juye yake, da damina muke ajiye inji, da hunturu mu fito da shi. Amma ruwan da aka bari ya kwana a cikinsa, wallahi ɓarnarsa ba ta gaza ta ƙanƙara ba, illa shi a hankali yake yi, kamar gara.

Kawuna mutum ne mai tattalin inji kamar amarya. Kowace shekara in aikin lambu ya ƙare, yakan rufe makunnin mai ya bar injin yana aiki har ya shanye na cikin kafireto ya mutu don kansa, ya kwance ƙusar da ke ƙasan tukunyar famfon ruwa ya zube, ya cire fulogi ya ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin, ya toshe bakunan da tsumma, sannan ya rataye tiyo inda ɓera ba ya kaiwa. Sai dai a 2021 bai samu wannan sukunin ba. Duk wanda ya san Batsari da Safana ya san abin da maƙwabtaka da dajin Rugu ta jawo mana. Wata safiya aka ce kowa ya yi ta kansa, ya jawo injin daga bakin rijiya ya cusa a ɗaki da ruwansa da mansa, ya kwashi iyali suka taho wurina Katsina.

A watan Nuwamba ya ce zai koma, na ce sai dai mu tafi tare. Ya riga ya sa an yi masa renon irin tumatir, ya ci bashin taki, muka yi dashe da yamma da niyyar ba da ruwa da asuba. Lokacin nan gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, an kuma katse layukan waya a yankinmu tun watan Satumba, ba halin kiran bakanike. Man da muke da shi kwalba biyu ne da muka zuƙo daga tankin babur.

Kawu ya ja igiya, ta ƙi motsi kamar an ɗaure ta da dutse. Ya dube ni ya ce, “To malam marubuci, yau sai ka rubuta mana ruwa.” Muka kwance murfin famfon, sai ga farfelar da ke tura ruwa ta yi tsatsa ta manne, laka ta bushe a kanta. Da kananzir da tsohon buroshi muka yi ta fama har ta juya. Aka ja, ya ƙi tashi. Tsohon man da ya yi wata shida ya zama kamar ƙaro ya toshe 'yar ƙofar kafireto, wadda ba ta fi bakin allura ba. Da silin waya ya buɗe ta. Aka sake ja, ya yi tari ya mutu. Kai jama'a! Ashe zanzaro ne ya gina gidansa a bakin salansa, iyalansa cike.

Da hantsi injin ya tashi, kuma a nan ne ainihin wahalar ta fara, domin tashin inji daban, kawo ruwa daban. Irin wannan famfon ba ya iya zuƙar iska, dole a cika tukunyarsa da ruwa ta sama kafin a tayar, kuma in ruwan rijiya ya yi ƙasa fiye da mita 7 zuwa 8, ko sabo fil ne ba zai jawo shi ba. Namu bai kai nan ba. Muka cika, ya yi gurnani, tiyon fita ya tofo kumfa ya yi shiru. Kawu ya kashe shi da sauri, ya ce in aka bar shi yana juyawa babu ruwa, sil ɗin da ke tsakanin inji da famfo ƙonewa zai yi, shi kuwa sai an je gari.

Abin da ya burge ni shi ne yadda dattijon nan bai yi ta ja da ƙarfin tsiya ba, kamar yadda samari ke yi har mai ya ƙare. Zama ya yi ya bi hanyar ruwa daga ƙasa zuwa sama. Ya zaro tiyon zuƙa ya duba rariyar bakinsa, babu toshiya. Ya toshe ƙarshensa da tafin hannu ya ce in ɗura ruwa, sai ga tsartuwa siririya daga wurin da ɓera ya ɗan taɓa, ramin da ido ba zai kula da shi ba. Ta nan iska ke shiga. Muka yanko robar tsohon tib ɗin keke muka naɗe da kyau. Aka gwada, har yanzu da saura. Ya kwance bakin shigar ruwa, sai ga 'yar robar nan mai kamar harshe, wadda ke hana ruwa komawa rijiya, ta bushe ta lanƙwashe. Ya auna ta a kan wani guntun tib na mota ya yanko irinta da aska.

Bayan azahar ruwa ya fito, ja da tsatsa da farko, sannan ya washe. Kwalba ɗaya ta riga ta tafi a gwaji. Dashen da ke gefen yamma, inda ƙasar ta fi yashi, ya riga ya kwanta, wajen kashi ɗaya cikin uku bai sake ɗagowa ba. Kawu bai ce komai ba, ya bi layi yana juya ruwa da fartanya, ni kuma ina riƙe da tiyo ina waigen daji duk lokacin da na ji ƙarar babur.

Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ya bi sahun manoman da suka mayar da injinansu masu aiki da tukunyar gas ta girki, aka canza masa kafireto. Matsalar tsohon fetur ta kau, ta tsatsa da ɓera tana nan. Yanzu sifanar kwance ƙusar nan ta ƙasa a aljihun rigarsa take kwana, kuma ya daina jiran ƙarshen rani, kullum da la'asar in ya kashe inji sai ya zubar da ruwan cikinsa kafin ya ɗora shi a kan amalanke.