AWO KAFIN YANKA

'Yar'uwa, na san za ki ce me ya haɗa mace mai keken ɗinki da zancen lasifika da waya. Ni ma da haka nake gani, sai da lalura ta koya mini. Gyara zama ki sha labari.

Maigidana direban tasi ne. A damunar 2019 ya yi haɗari a hanyar Zariya, Allah Ya kiyaye rai amma ƙafa ta karye, motar kuwa sai 'yan gwangwan aka sayar wa. Abin da ya dawo gida daga jikinta wufa biyu ne kacal, manyan lasifikokin nan masu inci 12 da ake sawa a but don rugugin kiɗa. Ƙaninsa ya kawo su a buhu, na tura ƙarƙashin gado.

Wata uku Baban Ummi yana kwance. Mutumin da in ya shigo gida sai kowa ya yi dariya, ya koma daga "to" sai "a'a". Ran nan ina shara na jawo buhun, sai na ga ya bi shi da kallo har idonsa ya kawo ruwa. Nan take na ce a raina wallahi sai ya sake jin muryar motarsa a ɗakin nan.

Ke dai bari, sauri ya haifi nawa. Na ɗauko amfilifayar rediyon kayan ɗakina, wadda Inna ta sayar da akuyarta ta saya mini, na murɗe wayoyin wufa biyun wuri guda, ja da ja, baƙi da baƙi, na jona, na ajiye su tsirara a kan leda. Sautin da ya fito siriri ne, sai ka ce ana kaɗa faranti. Na ƙara murya, na sake ƙarawa. Ba a jima ba sai ƙauri, sai shiru. Na zauna na sha kukana. Shi kuwa ya juya fuska bango.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya duba, ya girgiza kai ya ce, "'Yata, rashin sani ya fi dare duhu." Ya nuna mini lamba 4 a bayan maganaɗisun wufar. Ya ce yawancin lasifikar mota om 4 ce, amfilifayar gida kuwa galibi 6 ko 8 take so. Om kamar ƙofa ce, duk sanda lambar ta yi ƙasa ƙofar faɗi take yi, wuta ta kwararo da yawa. Yadda na haɗa su, om 2 suka koma, na ɗora wa amfilifaya kayan da ya fi ƙarfinta. Da na jera su ne, wato jan waya ya shiga ta farko, baƙinta ya shiga jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma amfilifaya, da 4 da 4 sun tashi 8, lafiya lau.

Na ce, "To Baba, me ya sa sautin ya fito siriri?" Ya ce, "Kin taɓa kiɗan ƙwarya?" Na ce sosai. Ya ce iskar da ke kulle ƙarƙashin ƙwaryar da aka kife a ruwa ita ke ba ta kauri. Lasifika tana tura iska ta gaba tana janta ta baya, in babu akwatin da ya raba su sai su cinye juna, rugugin ya ɓace. Ya ƙara da cewa cikin mota ɗan wuri ne a rufe, shi kansa yana ƙara wa sauti kauri, ɗaki kuwa ya fi faɗi, don haka akwati ne zai yi aikin. Ya ce wufa irin tawa, rufaffen akwati mai cin wajen lita 35 zai ishi kowace ɗaya.

Nan fa aka zo fagena. Ai awo sana'ata ce. Na dawo gida na ɗauko tef ɗina na ɗinki da fensir. Tsawo santimita 40, faɗi 35, zurfi 25. Ki ninka su za ki sami 35,000, ki raba da 1,000, lita 35 ke nan cif. Amma ki lura, awon ciki ne wannan, ban da kaurin katako, kamar yadda muke barin wurin ɗinki a jikin yadi.

Ina cikin fama da tef yana zamewa sai na ji murya daga kan gado, "Maman Ummi, kawo in riƙe miki bakin." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Rabon da ya kira ni haka tun kafin haɗari.

Da kuɗin adashena aka sayo katakon MDF mai kaurin milimita 18 a 'Yan Katako ta Na'ibawa, don siririn falanki rawa yake yi ya ɓata sauti. Kafinta ya so ya buga mini da ido, na ce, "Malam, ga takarda, in ka rage ko ka ƙara ba zan karɓa ba." Akwati biyu ya yi. Muka bi kowace gaɓa da gam, muka toshe har ramin da waya ta fito, don ƙwarya in ta tsage kiɗa ya mutu. Na farke tsohon matashi na shimfiɗa audugarsa a ciki sakwa-sakwa. Baban Ummi ya koya mini gwaji da batirin tocila: in kin taɓa jan waya a kan batir, baƙi a gindinsa, fuskar lasifika ta turo waje, to haɗin daidai ne, kuma dole duka biyun su turo tare. Baba mai gyara ya tashi amfilifayar, ya sa wata 'yar matata da ke hana siraran muryoyi shiga wufa, ya bar su ga ƙananan lasifikokin rediyon.

Ranar da muka kunna, muka tura akwatunan lungun ɗaki, don kusurwa tana ƙara kauri. Kwanukan kabet suka ɗauki rawa. Ummi ta ruga waje da gudu, ubanta ya yi dariya har da tari. A satin nan ya fara taka sanda zuwa ƙofar gida.

Yau matan unguwa in suna kamu ko suna, wurina suke hayar akwatunan, kuma da kuɗin na mayar da adashena. Sharaɗina ɗaya, in dare ya yi a rage murya, maƙwabci yana da haƙƙi.

'Yar'uwa, kafin ki jona komai ki duba lambar da ke bayansa, ki yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Hannun da ya iya auna riga zai iya auna akwati. Ni dai sai da na ƙona akuyar Inna kafin na gane, ke kada ki ƙona taki. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.