Lissafin da Na Yi wa Baba

Gidanmu yana Hotoro, ba nisa da defon mai na NNPC. Kullum tankoki suna wucewa ta unguwarmu, amma ganin ruwa a rijiyar wani ba ya kashe ƙishirwa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500. Kafin ƙarshen 2024 ta haura N1,000.

Mahaifina yana aiki a wata masana'anta a Sharada, kuma da tsohuwar Fijo yake zuwa. Da na dawo hutu, wata rana bayan sallar isha'i, sai ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, motar nan tana neman cinye kuɗin makarantarku. Na ji ana zancen mota mai lantarki. Yi mini lissafi." Gabana ya faɗi, domin ni da ƙannena uku a kan albashinsa muke.

Na ɗauko littafina. Motar Baba tana shan lita 10 a kilomita 100, wato N10,000. Ƙaramar mota mai lantarki kuwa, kamar yunit 15 na wuta take bukata. Ko da a farashin N225 da aka sa wa masu samun wuta sosai a Afrilu 2024, kuɗin N3,375 ne kacal. Ba ruwanta da baƙin mai ko fulogi. Baba ya yi murmushi.

To, amma fa da sauran rina a kaba. Hyundai Kona da aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, tun a lokacin wajen naira miliyan 24 ce. Baba yana yin kilomita 200 a mako. Da na raba, sai na ga sai ya shekara 35 kafin rarar ta biya kuɗin motar, batirin kuwa ya daɗe da tsufa. Ga shi wuta takan kwana biyu ba ta leƙo layinmu ba. In janareta za a tayar, an koma gidan jiya ke nan. Fijo kuwa, in ta lalace, Ƙofar Ruwa na nan.

Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe arha ma sai mai kuɗi." Yanzu abokan aikinsa uku yake ɗauka, suna haɗa kuɗin mai.

'Yan'uwana ɗalibai, Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka. A 2021 hukumar da yake shugabanta a lokacin ta buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Rana kuwa ba mu rasa ta ba a Kano. Mu dage da lissafi da kimiyya. Allah ya sa wata rana in sake yi wa Baba wannan lissafi, amsar ta canja, amin.