Ranar Tarewa a Kwamin Kifi



Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san babin da ake ƙagara a kai gare shi, wato babin tarewar amarya. Motoci sun tsaya, ana guɗa, uwargida na ɗaka ta haɗe rai kamar hadarin gabas, daga nan sai makirci da boka da kuka har littafi na uku. Ni kaina na rubuta irin wannan babin ban san adadi ba. To amma shekara huɗun da na yi ina kiwon tarwaɗa a bayan ɗakina sun sa ina kallon maganar ta wata fuska, don kuwa a kwamin kifi ma ana tarewa, kuma a can ranar farko ita ke yanke hukunci, ko baƙo ya rayu ko ya mutu. Sau da yawa kuma in aka bi diddigi, laifin yana wuyan wanda ya ɗauko jarka ya juye.

Mu nan Dayi ba masunta ba ne. Auduga muka sani da masara da dawa da waken suya. Kifin da muka tashi muka gani shi ne banda ta kasuwa, sai ɗan ɗanyen da ake kamowa a madatsun ruwa irin na Malumfashi ko Mairuwa ta wajen Funtuwa. Yanzu kuwa za ka shiga gida ka tarar da kwami na siminti, ko na tampol, ko tankin roba da aka fille wa kai, kuma mata sun shiga harkar sosai tunda sana'a ce da ba sai an fita ba. Ni daga Kano ake kawo min 'ya'yan kifin, ta hanyar Gwarzo, cikin jarka mai lita 25 da aka yanke samanta don iska ta shiga. Da asuba ake tasowa kafin rana ta yi zafi, kuma tun jiya an hana su abinci don kada su ɓata ruwan da kashinsu a hanya.

Ka duba halin da suke isowa. Ƴan abubuwa ne da ba su wuce tsawon yatsa ba, ga yunwa, ga girgizar mota ta kusan awa biyu, ga ruwan jarka ya ɗumame. Shi kuwa ruwan kwami ya kwana a waje, in lokacin hunturu ne hannunka ma ba ya son shiga. Kifi ba shi da zafin jikin kansa, yadda ruwa yake haka jininsa yake, tarwaɗa kuma ta fi sakewa tsakanin digiri 26 zuwa 30. In ka juye su kai tsaye, sai ka ga sun tsaya a tsaye a saman ruwa, gemu a sama, washegari ka fara tsintar gawa. Shi ya sa nake tsoma jarkar gaba ɗaya cikin kwami ta yi kamar rabin awa, ina taɓa ruwan ciki da na waje da gwiwar hannu yadda ake gwada ruwan wankan jariri. Sannan in riƙa ɗibar ruwan kwami da moɗa ina ƙara musu kaɗan kaɗan, su ɗanɗani ruwan gidan da za su zauna. A ƙarshe in karkata jarkar, mai son fita ya fita da kansa. Ranar ba na ba su abinci, komai tausayin da suka ba ni.

Wannan duk maganar ruwa ce. Maganar 'yan gida ita ce babba.

Bara wata maƙwabciyata, yarinya mai ƙoƙari, ta kwashi adashinta ta sayi ƙanana 300. Tana da wasu 200 da suka yi wata biyu a kwami, ba ta da wani wurin, sai ta haɗa su, wai ai duk tarwaɗa ne, ɗan'uwa ba ya cin ɗan'uwa. Bayan kwana goma sai ga ta da sassafe ido ya yi ja.

"Yaya, wallahi baki aka yi min. Ƙananan nan sun ɓace, ko hamsin ban gani ba."

Na ce, "Ke dai zauna tukuna. Kin ga gawa a saman ruwa?"

Ta ce ko ɗaya. Muka je na sa hannu na kamo ɗaya daga cikin manyan, ciki ya yi tumbur, na nuna mata faɗin bakinsa. Tarwaɗa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Kai, ko waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya akwai masu yi wa sa'o'insu zarra a girma, in ba a tace su ana ware manya daga ƙanana kamar duk mako biyu ba, su ne za su cinye maka jari kana zuba musu abinci mai tsada a kai. Ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, su manyan nan ba su da imani ne?" Na yi dariya duk da ba ranar dariya ba ce. Wane imani? Ciki ne da baki aka rufe a wuri ɗaya da abin da ya fi su ƙanƙanta.

Ɗana da ke karatu a Zariya, da ya ga yadda abin ya shiga raina, sai ya riƙa nuna min bidiyon wasu mutane a Turai da Amurka masu ajiye teku sukutum a falonsu cikin akwatin gilashi. Ba don ci ba fa, don kallo kawai. Su ke haɗa ruwan da kansu, gishiri na musamman kamar giram 35 a kowace lita daidai da na teku, su jera duwatsu da murjani mai rai, su kunna fitilu a sama. Da farko na ce aikin banza, wanda ya ƙoshi ke wasa da tuwo. Amma da na ga yadda suke karɓar baƙon kifi sai na gyara zama. Ba ya shiga babban akwati sai ya yi makonni shi kaɗai a ƙarami, ana duba ko ya zo da cuta. Ruwan gidan kuma ta siririn tiyo ake ɗiga masa, ɗigo ɗigo, har kusan awa guda. Ranar tarewa su kashe fitila. Wasu har sukan sauya wa duwatsun wuri, don tsofaffin kifaye kowa ya riga ya kama kogonsa yana tsaro, in aka hargitsa sai kowa ya koma neman ɗaki, ba mai lokacin korar baƙo. Na ce da yaron, wannan dabarar ko tsofaffin matan garinmu sai su sara mata.

Abin da ya fi ɗaure min kai wata halitta ce da suke kira anemoni. Ka rantse fure ne, alhali dabba ce, da baki a tsakiya da ɗaruruwan 'yan yatsu masu harbi kamar kunama. Masana harkar sukan ce kada a sa ta sai akwatin ya yi wata shida ko fi, ruwansa ya zauna. In ma an sa ta, ba kai ke zaɓa mata wuri ba. Ka ajiye ta inda kake ganin ya fi kyau, cikin dare ta saki dutsen ta ja jiki a hankali, tana harbin duk murjanin da ta taɓa, har ta sami inda haske da motsin ruwa suka yi mata. Wani lokacin injin juya ruwa ya zuƙe ta ya niƙe, ta ɓata ruwan gaba ɗaya.

Cikin waɗannan yatsun masu dafi kuma akwai ɗan kifin da ya mayar da su gida, mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda yaranmu suka sani a fim ɗin Finding Nemo na 2003. Yauƙin jikinsa ke kare shi, amma shi ma sau da yawa ba ya faɗawa haka kawai. Sai ya zo ya goga wutsiya ya gudu, ya dawo ya goga ciki ya gudu, har anemonin ta daina harbinsa. Zaman gidansu kuwa littafi ne guda. Mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne miji, sauran ƙanana suna layi, kowa yana taƙaita girmansa don kada ya kamo na gabansa a kore shi. In macen ta mutu, mijin ne ke rikiɗa ya zama mace, na bayansa ya hau kujerar miji. Wato da masu fim ɗin sun bi gaskiya, baban Nemo da ya koma mamansa. Ikon Allah! Ni dai ba zan saka wannan a littafi ba, kada 'yan tace littattafai na Kano su neme ni.

Yanzu in na ɗauki littafin wata 'yar'uwa marubuciya na iso babin tarewa, idona maigida yake nema. Ina yake lokacin da ake shirya ɗakuna? Ya zauna da uwargida kafin ranar, ko a bakin 'yan unguwa ta ji? Yarinya 'yar shekara goma sha takwas ya kawo wa mace mai 'ya'ya shida a tsakar gida ɗaya, murhu ɗaya, ya shura takalmi ya tafi majalisa? Mu marubuta mun saba sallamarsa da layi biyu, mu ƙare shafi ɗari biyu a kan matan, har ga shi a ƙarshe shi ne abin tausayi.

Ita maƙwabciyar tawa ta sayar da manyan da suka kai wata biyar, kuɗin ya rufe abincin da suka ci da ɗan ragowa. Da ragowar ta sayi tsohon duro na roba, aka raba mata shi biyu, nan take ajiye sababbi har su yi ƙwari. Mijinta har yanzu yana cewa asarar kuɗi ce, wuri ɗaya ya isa. Ranar Laraba za a kawo mata ƙanana 150, ta riga ta aiko a ara mata moɗata.