Zaki na Shida

Zakunan Voltron biyar ne, kuma yaron da ya tashi a Jos a ƙarshen shekarun 1980 zai lissafa maka su ko daga barci ka tashe shi: baƙi, ja, kore, shuɗi da rawaya. Baƙin shi ne ƙirji da kai, ja da kore hannuwa, shuɗi da rawaya ƙafafu. Kowanne da maɓoyarsa a duniyar Arus. Jan yana cikin dutse mai aman wuta, koren a kurmi, shuɗin a ƙarƙashin ruwa, rawayan a hamada. In mayya Haggar ta saki dodonta, sai matuƙan su ruga, zakunan su haɗe su zama ƙaton ƙarfe guda, ya zare takobi ya raba dodon biyu. Kusan kullum a nan labarin yake ƙarewa, kuma kullum sai mun ɗauki ihu.

Gidanmu na haya ne a Unguwar Rogo, ɗakuna jere suna kallon juna, rijiya ɗaya a tsakar gida. Talabijin ɗaya ce a gidan gaba ɗaya, ta wani Bayarabe tela, marar kala, mai ƙofofin katako da ake zugewa. Tashoshi biyu take kamawa, NTA Jos da PRTV, kuma ba a buɗe tasha sai yamma ta yi. Ranar da ake nuna Voltron, Baba tela yakan juyo da akwatin ya fuskanci ƙofa, mu zauna a ƙasa a kan buhu, kowa cikin rigar sanyinsa ta gwanjo. A wannan akwatin duk zakunan toka-toka ne. Launukansu daga bakin yayana muka ji su, shi da ya kai aji shida yana tsintar Turancin, sai kuma wata sitika da wani yaro ya liƙa a bayan littafinsa. Yaya ne tafintanmu, kuma inda Turancin ya yi masa sauri yakan cike da nasa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, shi ne zai ƙarasa mana labarin a tsaye, da hannu da ƙafa.

Daga wasa maganar zaki na shida ta taso. Bayan an gama kallo mukan fita fili mu raba zakuna, mu kuwa mun fi biyar. Wanda ya rasa zaki shi ne dodo, dodo kuwa duka yake sha. Akwai wani abokina Birom da suka tare a gidan daga baya, daga wani ƙauye wajen Bukuru, saboda haka ya tarar an riga an rabe, kullum shi ne dodo. Wata safiyar hunturu muna shan hantsi a jikin katanga ya ce shi ya gama zama dodo, ko a yi masa zaki ko ya bar wasan. Ni ne mai zane a cikinmu. Na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafi, aka kewaye ni, kowa yana faɗin abin da za a sa. Wannan ya ce fukafukai, wancan ya ce kai biyu, ɗan Ibo maƙwabcinmu ya ce bindiga a kowace kafaɗa. Muka gama muka kai wa Yaya.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To, ina zai shiga?"

Muka yi tsit. Hannu biyu ne da Voltron, ƙafa biyu, kai ɗaya, duk da masu su. Zakin da ba shi da gurbi in an zo haɗewa, ai ba ɗan gidan ba ne, komai kyansa. Yaya ya ƙara da cewa wanda ya fi baƙin zaki ƙarfi ba zai yiwu ba, don in akwai shi, me ya hana shi kashe Zarkon, sarkin mugayen, tun ranar farko a huta? Har yau ina ganin wannan ita ce tambaya mafi nauyi ga duk mai son cusa nasa jarumin a labarin da wani ya gina. Labarin yana da dokokinsa tun kafin ka zo, kuma masu kallo sun haddace su fiye da yadda kake zato.

Maɓoya muka fara samu, kuma abokina Birom ne ya kawo ta. Ya ce a garinsu akwai kududdufin kuza, ruwansa kore shar, ba a san zurfinsa ba, an hana yara ko leƙawa don ya sha cin mutane. Ya ce wurin gonar accar kakansa ce kafin kamfanin Turawa ya haƙe ta. A nan zakinmu zai kwana. Babu wanda ya yi musu, don duk mun san irin waɗannan tafkunan, suna nan birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. A lokacin harkar ta riga ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985. Manyan kamfanoni sun tattara, sun bar ramuka da tuddan jar ƙasa. Da maɓoya ta samu, launi ya biyo baya da kansa: Zakin Kuza, fari mai ƙyalli irin na kuzar da aka narke.

Sauran kuwa daga kakata ya fito. Ina kwance a tabarmarta ina zana tafkin, ta leƙo ta ce, "Maigida, yau kuma me ake ƙullawa ba a sanar da uwargida ba?" Na yi mata bayani iya iyawata. Ba ta san Voltron ba, ba ta kuma nemi sani ba, amma da ta ji an ambaci kuza sai ta ajiye carbinta. Ta ce kakana ba da son ransa ya zo Jos ba. Lokacin yaƙin Hitila, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a Filato, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. A haka aka ɗebo shi daga ƙasar Katsina da riga ɗaya, ya tarar da sanyin da bai taɓa ji ba. Ta ce da yawa cikin abokan tafiyarsa sanyi da ciwo suka kashe. Ita kanta, bayan aurensu, ta yi shekaru tana wankin kuza a bakin kogin Dilimi. Ta jawo ƙwarya ta nuna mini yadda ake juya ta a ruwa, a hankali, a karkace, yashi ya fice, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Sannan ta ɗora faifai a ka ta nuna yadda ake ɗaukar kwanon sarki cike da ƙasa daga gindin rami zuwa sama, wuya a miƙe, ido a kan ƙafa.

"In dai na kuza ne," in ji ta, "to ba shi da makami sai kwano. Kuma mace ce za ta tuƙa shi. Mu muka ɗauki ƙasar nan a kanmu."

Na fita da gudu na tara yara. Kwanon sarki! A faɗan da muke gani takobi Voltron yake zarewa, duk abin da dodo ya jefo kuwa a ƙirji yake karɓa. Zakinmu zai dunƙule, bayansa ya buɗe ya zama faffaɗan kwano, ya maƙale a hannun hagu inda koren zaki yake, ya zama garkuwa. Bai ƙwace gurbin kowa ba, bai fi kowa ƙarfi ba, ba ya kisa, tarewa kawai yake yi. Yaya ya gyaɗa kai. Ya sa masa doka guda: kuza ba ta jure wuta, don haka in dodo mai feshin wuta ne, garkuwar za ta tare sau ɗaya ta fara narkewa, dole ta koma tafki ta huce. Wannan raunin shi ya fi komai ba mu labarai daga baya.

Matuƙiyar muka sa mata suna 'Yar Dilimi. Abokina ya ɗan ja da baya da ya ji mace ce, sai ƙanwata ta tuna masa cewa shuɗin zaki ma Gimbiya Allura ce ke tuƙa shi tun da Sven, matuƙinsa na farko, ya ji rauni. Aka daidaita a kan shi ne zakin, ƙanwata ce matuƙiya, ya goya ta su shiga fili tare.

Babanmu ya ga zanen wani dare bayan isha'i. Ba mai faɗa ba ne. Ya kira ni ya ce malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai, kuma ba ya son in saba da abin da akwai shubuha a ciki. Na ce, "Baba, zakin na ƙarfe ne, inji ne kamar mota." Ya ce ya ji wannan, yarinyar fa? Na kwana ina tunani. Da safe na rufe mata fuska da hular ƙarfe mai baƙin gilashi, na sauko mata da mayafi daga hular har kafaɗa. Ya duba bai ce komai ba, ya miƙo mini littafin. Tun daga ranar 'Yar Dilimi ba ta sake samun fuska ba, kuma hakan ya yi mata rana. 'Yar Baba tela ta ce ita ce a ciki, yayar ɗan Ibo ta ce ita ce, ƙanwata ta ce kowa ya san mai zaki.

Daga takarda muka koma gwangwani. Na madarar Peak shi ne kai, na Bournvita gangar jiki, langa-langa ƙafafu, murfin tsohuwar tukunya garkuwa. Ƙyallin kuwa takardar cikin kwalin sigari ce da muke tsinta wajen masu tireda, mu goge ta da farce ta miƙe, mu liƙa da ƙaro. Abokina ya fi kowa hannu a wannan, shi ya gano yadda za a sa murfin ya buɗe in an ja zare. Da dare mukan yi majigi: a huda kwali, a manna farar takarda, a kunna kyandir a baya, a riƙa gilma zakunan da muka yanka a kan tsinken tsintsiya. Yaya ne murya, ni ne mai motsi, yaran maƙwabta su biya da kwabo ko ƙullin gyaɗa. A majiginmu Zakin Kuza ya ceci Arus ba adadi, kuma a kowane labari sai an nuna shi yana fitowa daga tafki, ruwa na zuba a jikinsa.

Sai da na girma na san cewa Voltron ɗin ma gyararren kaya ne. Asalinsa wani zane ne na Japan mai suna GoLion, na kamfanin Toei, da aka fara nunawa a 1981. Wani kamfani a Amurka ya saye shi, ya yanke wuraren jini, ya canza sunaye, ya sake shi a 1984. Sven da muka sani ya ji rauni an tafi da shi jinya, a na Japan mutuwa ya yi. Wato abin da muka yi a Unguwar Rogo da biro da gwangwani, shi manya suka yi da kuɗi da kwangila: sun karɓi labarin wasu sun gyara shi ya dace da gidansu.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke a Jos, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. Mun riga mun zama samari a lokacin. Iyalin abokina da na ɗan Ibo suka fita daga unguwar ba su dawo ba, kamar yadda Musulmi suka fice daga wasu unguwannin. Gidan da ya tara harsuna huɗu a bakin rijiya ɗaya ya koma na harshe guda. Littafin zanen ya ɓace a cikin wannan kwashe-kwashen.

A 2016 aka sake yin Voltron a Netflix, kuma a cikinsa ƙaton yana da garkuwa a hannun hagu, wajen koren zaki. Daga fukafukansa take fitowa, ba daga tafkin kuza ba, amma na ji daɗi ƙwarai, don ya nuna giɓin da muka hango da gaske giɓi ne. Yanzu 'ya'yan ƙanwata suna zana nasu jaruman a waya, yawanci don Naruto, su ba su sunayen Japan da kowane irin ƙarfi. Hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne na duba jarumin daga sama har ƙasa ban ga inda Jos take a jikinsa ba, alhali a garin nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da cibiyar koyar da fim, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, ga gumakan Nok a gidan tarihin da aka buɗe tun 1952. Adamu Waziri ya yi Bino and Fino a Abuja, Disney ta saki Iwájú a kan Legas a 2024. Filato ma tana da abin bayarwa, kuma nakan tura yaran wajen tsofaffin da suka rage su tambaya.

Abokina walda yake yi yanzu a hanyar Bukuru. Mun sake haɗuwa ta waya, kuma nakan je shagonsa. Ya tara tsofaffin ƙarafan babur a lungu, ya ce zai ƙera Zakin Kuza mai tsayin mutum ya kafa a bakin titi. Na sake zana masa daga ka, muka yi gardama a kan wutsiya, shi ya ce tana da ƙugiya, ni na ce shebur ce. Mun kira Yaya a waya ya raba mu, ya ce shebur. Kwanon sarkin kuwa abokina ya riga ya saya, sabo, yana rataye a bangon shagon, ƙanwata kuma ta aiko da saƙo cewa kada a kuskura a kafa shi ba a kira matuƙiya ba.