Yadda Ɓeran Ruwa Ya Hana Mu Kafa Turke a Ingila

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin wata tafiya da na yi cikin jirgin ruwa a ƙasar Ingila, ƙarshen watan Mayu 2024, sa'ad da aka aike ni can ƙaro ilmin aikin ofis. Abin da ya sa na rubuto shi ne, a cikin tafiyar nan saura kaɗan in karya dokar ƙasar mutane da guduma a hannuna, ban sani ba, kuma a kan ɓera.

Da farko sai mai karatu ya san irin ruwan da nake magana, don ba kogi ba ne. Hanya ce ta ruwa wadda mutane suka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce, don ɗaukar gawayin ƙasa da hatsi da sauran kaya masu nauyi, tun jirgin ƙasa bai zo ba. Doki ne ke jan jirgin da igiya, yana bin wata 'yar turba a gefen ruwa, turbar kuwa tana nan har yau ko da yake dokin ya tafi. Jiragen sirara ne ƙwarai, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10 kawai, tsawonsu kuwa yakan kai ƙafa 70. Yanzu ba kaya suke ɗauka ba, sun zama ɗakunan kwana. Wata hukuma da ake kira Canal & River Trust ita ke duba wajen mil 2,000 na hanyoyin nan tun 2012.

Wani dattijon Bature da muka yi sabo a wurin aiki shi ya gayyace ni. Ba shi da gida a tudu ko kaɗan, jirginsa shi ne gidansa, da murhu da gado da 'yan littattafai a ciki. Ba shi kuma da matsaya tasa ta kansa, don haya gare ta mai tsada. Irinsu doka ta 1995 ta yarda su zauna bisa ruwa, amma da sharaɗin kada su wuce kwana 14 a wuri guda, sai su ɗaga su ƙara gaba. Watau dai makiyayi ne marar shanu. Ya ce mini mu tafi wani ƙauye wai shi Crick, a lardin Northampton, inda ake babban taron nuna jiragen nan kowace shekara, yana so ya sayi wani ƙarfen injinsa da rahusa.

Muka tashi daga Foxton. A nan ne na fara ganin yadda jirgi ke hawan tudu. An gina waɗansu ɗakunan ruwa 10 bisa juna kamar matakala, biyar biyar, kowane da ƙofofin katako. Jirgi ya shiga na ƙasa a rufe ƙofa, a sako ruwa har ya taso da shi daidai da na sama, sa'an nan a buɗe ya wuce. Da haka muka hau ƙafa 75 cikin abin da bai kai sa'a guda ba. An buɗe su a 1814. A 1900 an gina wani inji kusa da su mai jan jirgi sama cikin kwamin ruwa, amma bai biya kuɗinsa ba, aka daina aiki da shi a 1911, sai kufai ya rage.

Daga kan tudun nan ruwa ya miƙe wajen mil 20 ba hawa ba sauka, yana ta kewaye gonaki da makiyayar tumaki kamar wanda ba ya son isa. Doka ta hana gudun da ya wuce mil 4 cikin sa'a, in kuwa za ka wuce jirgin da ke tsaye sai ka rage har ya zama mai tafiya a ƙasa ya fi ka sauri. Da farko na ƙosa. Amma da rana ta yi sai na fara lura da abin da ke bakin ruwa: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kajin ruwa baƙaƙe masu jan baki suna jan 'ya'yansu, da wani farin tsuntsu babba mai dogon wuya, ya fi dinya girma, kwance bisa sheƙar da ya tara da ciyawa. Maigidan jirgi ya kashe ƙarfin inji tun daga nesa. Ya ce igiyar ruwan da jirgi ke tayarwa takan cika sheƙa, ƙwai su yi sanyi, kuma dokar 1981 ta hana ɓata sheƙar tsuntsun daji muddin yana aiki da ita.

Rana ta biyu da la'asar muka wuce Yelvertoft, muka hangi wani ɗan tsauni da ake kira Crack's Hill, muka san mun kusa. Nan ne muka fara ganin alluna a bakin turba. Kowane allo yana cewa daga ran kaza zuwa ran kaza ba a ɗaure jirgi nan sai wanda ya biya ya kama wuri tun da wuri. Jirage kuwa ga su nan jere, waɗansu biyu biyu kafaɗa da kafaɗa, har hanya ta ƙuntata. Mu ba mu kama wuri ba. Maigida ya san da dokar, amma ya ɗauka zai sami ɗan gurbi a ƙarshen layi, bai samu ba. Juyawa kuma ba dama, gama jirginmu ya fi faɗin ruwan tsawo, sai a wuraren da aka faɗaɗa musamman ake iya juya shi. Dole muka ci gaba, muka wuce filin taron da rumfunansa muna kallo, har muka iso bakin ramin da hanyar ke shiga ƙarƙashin tudu.

Ramin nan tsawonsa yadi 1,528, shi ma aikin 1814 ne. Ba turba a cikinsa. A zamanin doki sai a kwance shi a bi da shi ta kan tudu, mutane kuwa su kwanta bisa katako su riƙa tura bango da ƙafa har su fita. Mu inji ya kai mu, cikin duhu da sanyi, ruwa na ɗiga mana a ka daga rufi. Ban ɓoye muku ba, ban yi magana ba sai da na ga haske.

Muna fita magariba ta kawo jiki, ga gajiya, ga yunwa. Da muka ɗan taɓa gaba na ga wani wuri mai kyau, ba jirgi ko ɗaya, gaɓa mai taushi da ciyawa kore shar. Na ce, “Maigida, ga wuri Allah ya ba mu.” Shi yana can baya riƙe da matuƙi, ba ya ganin gaɓar sosai. Na ɗauki igiya da turken ƙarfe da guduma na yi tsalle na dira. Yadda ake yi ke nan inda babu zobe: a buga turke biyu cikin ƙasa, gaba da baya, a ɗaure. Na kafa turke, na ɗaga guduma, sai na ji wata murya a bayana ta ce, “Samari, dakata!”

Wata tsohuwa ce da karenta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in tsuguna in duba inda na sa ƙafa. Na duba, sai ga 'yan ramuka a jikin gaɓa, kowane bakinsa bai fi a sa ƙwan agwagwa ba, waɗansu daidai ruwa, waɗansu sama cikin ciyawa. Ta nuna mini tarin guntayen kara, an yanke kowane a karkace kamar fiƙar alƙalami. Ta ce aikin haƙorin ɓeran ruwa ke nan, ramukan nan kuwa gidansa ne, a wannan wata akwai 'ya'ya a ciki, turken nan nawa in ya shiga ƙafa biyu sai ya rushe musu ɗaki. Ta kuma nuna mini wani ɗan allo da ciyawa ta rufe rabinsa, mai roƙon kada a ɗaure jirgi nan. Na wuce shi ban gani ba.

Na ce, “Uwargida, gafara dai, ni baƙo ne. Amma ɓera? A garinmu wanda ya kashe ɓera godiya ake yi masa.” Ta yi dariya, ta ce wannan ba ɓeran rumbu ba ne. Gaskiyarta kuwa, gama kafin mu tashi na gan shi da idona: gajere ne mai jiki, fuska dunƙule, kunnuwa sun ɓuya cikin gashi, wutsiya mai gashi, yana zaune riƙe da ɗanyen kara da hannu biyu yana ci. Da ya ji motsina sai ya faɗa ruwa tsulum. Ciyawa ce abincinsa, ba ya shiga gidan kowa.

Daga baya na bincika labarinsa. Da can ba ƙoramar da babu shi a Ingila, har yana cikin wani littafin yara da aka buga a 1908 wanda kowane ɗan makaranta ya sani. Cikin ƙarnin da ya wuce ya ɓace daga wajen tara cikin goma na wuraren da aka san shi. Dalili biyu ne. Na farko an gyara gaɓoɓi, an share ciyawa, dabbobi sun tattake saura. Na biyu ya fi muni. Tun wajen 1920 da 'yan kai aka riƙa kawo wata dabba daga Amurka wai ita minki, mai kama da tunku, ana kiwonta don gashinta. Waɗansu suka tsere, waɗansu aka sake su, suka hayayyafa a daji. Dabarar ɓeran ruwa ita ce ya nutse ko ya shige rami, to minki ta iya ninƙaya, macen kuwa siririya ce, tana bin sa har cikin ramin. An yi dokar hana kiwon nan a 2000, amma ɓarna ta riga ta auku. Tun 2008 ɓeran ruwa ya sami cikakkiyar kariyar doka a Ingila. Wanda ya ɓata raminsa da gangan ko da ganganci ana iya cin sa tara, ko a ɗaure shi har wata 6. Ku duba fa, akawun da aka aika koyon aiki ya koma gida da wannan a takardarsa!

Muka ja jirgi gaba har inda aka kafe gaɓa da ƙarfe, muka saƙala sarƙa ba tare da buga kome ba. Wurin ba daɗi, ƙarar motocin babbar hanyar Landan ba ta yankewa. Da dare Maigida ya yi ta guna-guni. Ya ce shi bai ƙi ɓera ba, ya fi shekara goma yana rage gudu saboda kajin ruwa. Abin da ke ci masa rai shi ne, gaba an tsare wa masu kuɗi, baya an tsare wa dabba, shi da ruwan nan ne gidansa an bar shi tsakiya kamar baƙo. Ya ce jiragen da suka taru can ai igiyar ruwansu ta fi turke ɗaya cin gaɓa.

Na juya maganar nan a raina da daɗewa. A ganina yana da gaskiya rabi. Lalle wanda ba shi da matsaya shi ke shan wuyar kowace sabuwar doka, kuma da an sa alluna tun daga wurin juyawa na ƙarshe da ba mu shiga ramin nan da yamma ba. Amma hani biyun nan ba ɗaya ba ne. Na wurin taro na 'yan kwanaki ne, in babu shi kuwa da masu rigima sun cika wurin tun mako biyu kafin buki, wanda ya taho daga nesa ya rasa inda zai tsaya. Na ɓera kuwa, mu asararmu tafiyar ƙafa ce, shi tasa 'ya'yan shekara ne, ga shi ba ya daɗewa a duniya, kaɗan ne ke ganin hunturu na biyu. Na kuma lura cewa tara jiragen a wuri guda da aka zaɓa shi ne ke hana su watsuwa su bubbuga turaku ko'ina. Na gaya masa haka, ya ce in na shekara bisa ruwa in zo mu sake magana.

Da safe muka bi ta kan tudu da ƙafa, hanyar da dawaki ke bi da, muka gangara cikin ƙauyen. Taron kuwa ya cika. Mutane fiye da dubu 20 ke zuwa cikin kwanakin. Ga sababbin jirage an goge su suna walƙiya, ana shiga layi a tuɓe takalmi a duba cikinsu, da yawa kuɗinsu ya wuce fam dubu 100. Ga masu zanen furanni da gidajen sarauta a jikin butoci da ƙofofi, irin adon masu jirgi na da. Ga masu injin da ke tafiya da lantarki, shiru kamar ba a kunna ba. Maigida ya sami ƙarfensa, ya yi ciniki kamar Bakano, har aka rage masa fam biyar.

Da za mu koma na roƙe shi mu biya ta wurin jiya, don na tuna na bar turken a ciyawa garin kunya. Muka same shi, wani ya ɗauke shi daga gaɓa ya jingine a jikin shinge. Allon nan kuwa an yanke ciyawar da ta rufe shi.

Haza wasalam. Ni ne naka,

Wani Akawu.