Dabinon kwarin Gidigir

Daga Damagaram muka kama hanyar Difa, muka wuce Mirya da Gidimuni, muka sauka Gidigir kafin a kai Gure. Hunturu ne, hazo ya rufe gabas. Wanda ya tsaya bakin kwalta zai rantse ƙasar nan ba ta da komai sai rairayi da ƙaya. Sai ka hau tudu ka leƙa ƙasa, ga kwari kore shar: goriba ta kewaye bakinsa, dabino na biye da ita, can ciki rogo da rake da albasa, tsakiya kuma kanwa fari fat. Ruwa a nan kusa yake, saiwar dabino da kanta take kai masa.

Wani dattijo Bamange ya shigar da ni garkarsa. Na ce, "Baba, sannu da aiki," ya amsa, ya nuna mini ɗansa can saman itace yana yi wa dabino aure. Yaron ya riga ya yanko furen namiji, mai gari kamar na gero, yana tsinke silinsa yana cusawa cikin furen mace, ya ɗaure da ganye. Ƙaya ta sha hannunsa, bai ko kula ba. Namiji ɗaya yana isar mata da yawa, amma yawancin itacen kwarin daga ƙwallo suka tsiro, kuma mai shuka ƙwallo sai ya yi shekaru yana jira kafin fure ya nuna masa ko namiji ya raina. Shi ya sa kowace itaciya da ɗanɗanonta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne haihuwa biyu a shekara. Dabinon Aljeriya da na Bilma sau ɗaya suke yi. Na nan ƙasar Manga, kamar na Dutsen Jigawa, sau biyu. Furen da na ga ana yi wa aure zai nuna a bakin damina, shi ne mai yawa, sai dai laima ba ta ƙyale shi. In aka bar shi ya yi laushi a sama sai ya tsage ya yi tsami, don haka ake sare shi yana rawaya, mai garas-garas, a kai kasuwa a sayar da arha. Na rani kaɗan ne, amma iska busasshiya ke rainonsa har ya bushe a kan uwarsa. Wannan shi ne mai zaƙi, mai jure ajiya, wanda mata ke markaɗawa cikin kunun aya.

Manoman inabi a bakin Kogin Mosel na Jamus sun daɗe da gane wannan lissafi na yanayi da ɗanɗano. Sanyin ƙasarsu na sa inabin Riesling ya nuna a hankali, ya riƙe tsaminsa. Suna matse ruwan, su ware ɓawo, su bar shi ya tsimu a wuri mai sanyi, sannan su rubuta sunan ƙauye da shekarar girbi a jikin kwalba. Giyar tasu ba abin shanmu ba ce, addini ya hana. Amma sun san yanayi da ƙasa ke yin ɗanɗano, kuma sun sa duniya ta biya kuɗin sunan. Albasar Galmi ma da sunanta take tafiya har Abijan. Dabinon Gidigir kuwa da zarar ya shiga buhu ya zama dabino kawai, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Da za mu fita, dattijon ya bi da ni ta gefen arewa maso gabas, inda iska ke turo tudu. Tun farin 1973 da na 1984 ciyawar da ke riƙe rairayi ta ragu, tuddai suka soma tafiya. Na ga goriba da yashi ya binne har wuya. Mutanen gari sun kafa shingayen ƙirare a kan tudun, layi bayan layi, suna dasa itace a tsakani, suna kuma gadi kada awaki su cinye dashen kafin ya kama.